Ƙofar da Sakina Ta Buɗe

Sakina tana durƙushe a bakin murhu tana tuƙa tuwon dawa, ɗanta Salman goye a bayanta yana barci, sai ga ɗiyarta Khairiyya ta shigo daga zaure, ta zo ta kama mata gefen zane.

"Umma, yau ma Salma ba za ta zo mu yi wasa ba?"

Muciya ta tsaya a hannun Sakina. Salma ɗiyar maƙwabciyarsu Zinariya ce, mai tuyar ƙosai, kuma sa'ar Khairiyya ce, 'yar shekara huɗu. A makon da ya wuce uwarta ta tafi kai niƙa, ta bar ta tana wasa a ƙofar gida. Kafin ta dawo yarinya ta bi yara zuwa kududdufin bayan unguwa, wanda ruwan damina ya cika maƙil. Sai gawarta aka tsamo.

"Na gaya miki, Khairi, Salma ta tafi wurin Allah."

"To yaushe za ta dawo?"

Sakina ta janyo yarinyar ta haɗa da jikinta, hawaye na zubo mata, tana gogewa da bakin ɗankwali kamar hayaƙi ne ya shigar mata ido.

Ita Sakina 'yar Kankiya ce, ɗiyar Malam Dikko, tsohon malamin firamare. Aure ne ya kawo ta Kusada. Mijinta Musbahu malamin gona ne a ƙaramar hukuma, kuma auren soyayya suka yi, tun tana sakandare yake tasowa daga Kusada a kan mashin ya zo zance ko da ana ruwa. Suna zaune a sashensu a cikin babban gidan su Musbahu, tare da mahaifiyarsa Inna Tani da wansa Yaya Shehu da iyalinsa. Gida ne na mutunci, sai dai an san shi da abu ɗaya a unguwar: ƙofarsa kullum a rufe take. Inna ba ta shiga gidan kowa, ba ta kuma son a shigo mata sai da dalili.

Da la'asar Musbahu ya dawo daga aiki. Ta kawo masa ruwa da abinci, ta zauna a gefen tabarma tana kallonsa yana ci.

"Akwai magana a bakin nan," ya ce yana murmushi. "Faɗi kawai."

"Abban Khairiyya, tun rasuwar Salma na kasa sukuni. Ka dubi unguwar nan. Wannan ta tafi niƙa, waccan ta tafi ɗiban ruwa, wata tana aikatau a gidan wani, yara ƙanana suna yawo ba mai kula da su. Ba sakaci ba ne, ba su da yadda za su yi ne. Ni kuma ga ni zaune da fili a tsakar gida. In ka yarda, ina so iyaye su riƙa kawo min yaran da ba su isa makaranta ba, daga hantsi zuwa la'asar. Kullum mace biyu su zauna da ni, gobe wasu biyu su karɓe su."

"Za ki iya da hayaniyarsu kuwa?"

"Ba don su kaɗai ba ne. Ba na so 'ya'yana su tashi a bayan katanga, ba su san kowa ba, ba wanda ya san su. Da Khairiyya ce ta nufi kududdufin nan, wa zai gane ta ya ce mata koma gida?"

Musbahu ya ajiye lomar da ya ɗauko, ya daɗe yana kallonta.

"Wannan zuciyar taki ce ta hana ni zama a Kusada tun kina 'yar makaranta," ya ce a hankali. "Na yarda. Inna kuma ki bar ni da ita."

Wadda ta fara zuwa ita ce Zinariya. Ba ta da yaron da za ta kawo, don Salma ce kaɗai Allah ya ba ta. Ta tsaya a bakin sashen da ƙwaryar ƙosai a hannu, idanunta a kumbure, ta ce, "Ni dai a bar ni in riƙa zama a cikinsu. Ɗakina ya yi min girma."

Daga nan mata suka fara leƙowa ɗaya bayan ɗaya. Wannan ta zo da ɗan gero, waccan da ƙuli-ƙuli, wata da tsamiya, a dama kunu a raba wa yara. Sakina tana koya musu wanke hannu, da gaisuwa, da alif-ba, da waƙoƙin da ta koya a wurin mahaifinta. Ranar da Jamilatu ta kawo ɗanta Bube, wata Bafulatana ce da ke shigowa da tallar nono daga rugar gefen gari, wasu matan suka ɓata fuska, ana 'yan ƙus-ƙus. Sakina ta karɓi yaron ta zaunar da shi kusa da Khairiyya, ta ɗebo musu kunu a kwano ɗaya. Ba wadda ta ƙara cewa komai. Kafin a fara girbi Khairiyya ta san sunan kowace uwa a unguwar da ƙofar gidanta, har ta iya gaisuwa da Fulatanci.

Inna dai ba ta yi murna ba. Wata rana ta aika aka kira Sakina.

"Ke 'yar nan, mi kike so ki maida gidan ga? Kasuwa?"

Sakina ta durƙusa, kanta a ƙasa. "Ki yi haƙuri, Inna. Taimakon juna ne kawai."

"Taimako? Yanzu kowa na yabon ki. Ran da ɗan wani ya ji ciwo cikin gidan ga, ran nan za ki san mutane. Na riga ki zama garin ga, na san abin da nike faɗi."

Musbahu ya yi ta lallashin Inna, yau ya kawo mata goro, gobe ya zauna yana matsa mata ƙafa, magana ta lafa. Amma abin da ta hango bai daɗe ba ya faru.

Wata rana da azahar Sakina ta shiga ɗaki sauya wa Salman wando, matan da ke kan aiki kuma ɗaya tana wanke kwanuka, ɗaya tana raba faɗan yara. Bube ya taka turmi ya hau bishiyar gwaba, reshe ya ɓalle da shi, ya faɗo a kan hannunsa. Sakina ta sungume shi a guje, ko takalmi babu, zuwa wurin mai ɗori. Kafin ta dawo labari ya kai ruga. Mahaifin yaron, Bubayero, ya zo ƙofar gida da sandarsa yana faɗa da ƙarfi, yana cewa an karɓi ɗansa an nakasa shi. Mutane suka taru maƙil. Sai da mai unguwa ya zo da kansa ya ba shi baki, Yaya Shehu kuwa ya tsaya yana ba da haƙuri a gaban jama'a, abin da bai taɓa yi ba a rayuwarsa.

Da yamma aka taru a ɗakin Inna.

"Tunda aka gina gidan ga ba a taɓa zagin mu a ƙofa ba sai yau," in ji Inna. "Daga gobe kada in sake ganin ƙafar ɗan kowa. Kuma ki tara matan nan ki hwaɗa musu da bakinki kin tuba."

"Inna, laifina ne, na ɗauka," Sakina ta ce tana kuka. "A sare bishiyar, a ƙara masu kula. Amma don Allah kar a rufe ƙofar nan. In aka rufe, kududdufi za su koma."

"Kun ji ko?" Yaya Shehu ya ce. "Ana magana tana magana."

Inna ta juya ga Musbahu. "Auta, ka kai ta gidan ubanta ta huta, sai ran da hankalinta ya dawo. Ta tahi da mai shan nono. Khairiyya kuwa ɗiyarmu ce, nan za ta zauna."

Sakina ta ɗaga kai ta dubi mijinta. Jira take ya ce wani abu, ko da kalma ɗaya ce. Musbahu ya buɗe baki, ya dubi mahaifiyarsa, ya sunkuyar da kai.

"To, Inna," ya ce.

Washegari da safe ya ɗauke ta a kan mashin. Khairiyya ta biyo su har zaure tana kuka tana miƙo hannu, matar Yaya Shehu ta riƙe ta. A da in ya ɗauko ta a wannan hanyar takan kama gefen rigarsa suna hira iska na kwashe rabin maganar. Ranar kuwa ƙarfen bayan mashin ta riƙe.

A ƙofar gidan Malam Dikko ya tsaya, ya sauke mata jakarta.

"Ba saki ba ne, Sakina. Wallahi ba saki ba ne. Kwana biyu kawai, zuciyar Inna ta huce."

"Na sani," ta ce ba tare da ta dube shi ba. "Khairiyya ba ta cin tuwo da yaji. Kuma tana tsoron shiga banɗaki ita kaɗai. Ka gaya musu."

Kwana biyun nan suka zama makonni, makonni suka shiga wata. Aka yi girbi, aka kai amfanin gona gida, Sakina tana Kankiya. Gidan da ta tashi a cikinsa ya zama mata kamar gidan baƙunta. In ta zuba abinci sai ta ga ta ɗauko kwano biyu na yara, ta tsaya tana kallon ɗayan. In yaran maƙwabta suka wuce suna dariya sai ta leƙa ta taga, alhali ta san ba muryar da take nema a ciki. Salman, da yake koyon magana, yakan tsaya a bakin ƙofa yana kiran "Ayya, Ayya," don haka yake kiran yayarsa. Ta sayo yadi mai ruwan hoda ta ɗinka wa Khairiyya riga, ta gama, ta rasa sanin ko za ta yi mata daidai, don ba ta san girman da ta ƙara ba.

Mahaifinta bai yi mata faɗa ba, bai kuma zuga ta ba. Wata rana ya same ta zaune a gindin darbejiya ta yi tagumi, ya ja kujera ya zauna.

"Abin da kika yi alheri ne, uwata," ya ce. "Amma surukarki ma ba mugunta ta yi ba, tsoro ta ji. Kada ki bari bakinki ya faɗi mummunar kalma a kanta, ko a bayan idonta. Ki bar wa Allah sauran."

Duk Juma'a bayan an sauko daga masallaci Musbahu yana zuwa. Ba ya shiga ciki. A zaure yake tsayawa, inda yake tsayawa a da lokacin zance, sai dai yanzu ba dariya. Ya rame, wuyan rigarsa ya yi datti. Yakan karɓi Salman ya rungume, ya ɗora haɓarsa a kan yaron.

"Yaya Khairiyya?" Kullum da wannan take farawa.

"Tana nan. Ba ta cika magana ba yanzu. A bakin zaure take wuni, wai tana jiran mashin ya kawo ki. Na so in kawo miki ita, Inna ta hana. Ko waya ta ce kar a ba ta, wai in ta ji muryarki kuka take wuni yi."

"Matan fa?"

"Kowa ta kama gabanta. Zinariya ta so ta ci gaba a gidanta, ɗaki ɗaya ne, ba fili. Hannun Bube ya warke, yana wasansa."

"Alhamdu lillahi."

"Sakina, Inna ta ce in kin yarda da sharaɗinta, gobe ma ki dawo. Ki tara su ki ce kin tuba, shi ke nan. Ni na gaji. In na shiga sashen nan ba na iya zama, a ofis nake kai magariba kamar mara gida."

"Kai ne mijina," ta ce a hankali. "In ka ce in rufe, zan rufe. Amma ka dube ni ka gaya min da bakinka cewa abin da na yi ba daidai ba ne."

Ya dube ta. Idanunsa suka cika da ƙwalla.

"Ba zan iya ba. Kin san ba zan iya ba."

"To me ya sa ranar ba ka faɗa ba?"

Ya miƙa mata Salman, ya tura mashin ɗinsa har ƙarshen layi kafin ya tayar. Ita kuma ta tsaya a bayan ƙyaure tana sauraren ƙarar har ta ɓace, tana jin haushinsa, tana kuma jin kamar ta bi shi da gudu.

A Juma'ar da ta biyo baya ya gaya mata Khairiyya ta yi zazzaɓi, ta warke, amma a cikin zafin jikin sunan Umma kawai take kira. Wannan maganar ce ta karya Sakina. Ta wuni tana kai da kawowa a tsakar gida, da safe ta sami mahaifinta ta ce, "Baba, zan koma. Zan faɗi duk abin da Inna take so. Allah ya ga zuciyata, na so in taimaki 'ya'yan mutane, amma ba zan iya rasa tawa ba."

Malam Dikko ya girgiza kai cike da tausayi. "Allah ya yi miki albarka. In mijinki ya zo sai ki gaya masa."

Ba a kai ga Juma'ar ba. Ranar Talata da la'asar wayarta ta yi ƙara, ta ga sunan Zinariya.

"Sakina, kina Kankiya ko? Ga mu nan babban asibiti da Inna. Ta faɗi ne, hawan jini. Daga Kusada suka turo mu nan. Ki zo."

Ta saɓa Salman a baya, ta ja hijabi, ta tari ɗan acaɓa. A hanya tana ta tunanin ko Inna za ta kore ta.

A barandar ɗakin mata ta hango su: Zinariya, Jamilatu da wasu mata biyu na unguwa, zaune a kan tabarma. Kafin ta ƙarasa wata 'yar ƙaramar murya ta tsaga wurin.

"Umma!"

Khairiyya ta taho da gudu ta faɗa jikinta. Sakina ta zube a ƙasa ta ƙanƙame ta, tana shinshina kanta, tana shafa bayanta, tana jin yadda ƙasusuwanta suka fito. Sunanta kawai take ta maimaitawa. Matan suka kau da kai suna share ido.

Zinariya ce ta ba ta labari. Ranar ba kowa a gidan: Musbahu ya tafi aiki ƙauyen Bauranya, Yaya Shehu yana kasuwa, matarsa ta tafi suna. Inna ta fito alwalar azahar ta yanke jiki ta faɗi. Khairiyya ta yi ta kiran ta ba ta amsa ba, sai ta taka kujera ta zare sakatar zaure ta fita. Ta hangi Jamilatu za ta wuce da ƙwaryar nono, ta kira ta da sunanta, ta kamo hannunta ta jawo ta ciki. Daga nan ta ruga gidan Zinariya, ta ruga gidan mai keke-napep da take zuwa wasa da 'ya'yansa. Kafin a ce haka mata sun cika gidan.

"Likita ya ce da an ƙara jinkiri da sai dai wani labarin," in ji Zinariya.

Sakina ta juya ga Jamilatu, ta kama hannunta, kunya ta hana ta ɗaga ido. "Ban samu na ba ki haƙuri a kan Bube ba."

"Haƙurin mi?" Jamilatu ta ce da Hausarta mai gardin Fulatanci. "Yaro ko a gabana yana faɗuwa. Babansa tsoro ne ya sa shi faɗa, har yau yana jin kunyar bi ta ƙofarku. Ni tunda kika tafi, da shi nake yawon talla cikin rana."

Sakina ta shiga ɗakin a hankali. Inna tana kwance, an sa mata ƙarin ruwa, bakinta ya ɗan karkace, hannunta na hagu ba ya motsi. Ta buɗe ido ta ga Sakina, ta daɗe tana kallonta, sannan ta juyar da fuska bango. Sakina ta gyara mata zanen rufa da ya zame, ta ɗauki buta da kwanon wanka ta fita neman ruwan ɗumi.

Haka ta ci gaba da jinya. Ita ke yi mata wanka, ita ke juya ta, ita ke ba ta kunu da cokali tana goge abin da ya zubo. Matan unguwa kuwa, ba wanda ya tsara musu, sai suka koma tsarin da suka saba: yau biyu su zo daga Kusada da abinci, gobe wasu biyu. Wata ta wanke kayan Inna, wata ta riƙe Salman da Khairiyya. Yaya Shehu yana zuwa ya tarar da su, ya rasa inda zai sa idonsa.

Wata rana da hantsi Musbahu ya same ta a bakin famfo tana wanke kwanuka. Ya tsuguna kusa da ita, ya ɗauki kwano ɗaya yana ɗauraya.

"Mutane na kallon ka," ta ce.

"Su kalla. Na yi wa Inna magana jiya, gaban Yaya Shehu. Na ce ni na ba ki izini tun farko, kuma na yi kuskure da na bar ki kika ɗauki laifin ke kaɗai. Na ce biyayyarta wajibi ce a kaina har in mutu, amma matata ba ta yi abin tuba ba. Maganar da ya kamata in faɗa tun ranar ce. Na makara, Sakina. Ki yafe min."

Ta ci gaba da cuɗa kwanon da ya riga ya fita, hawaye na ɗiga a cikin kumfa.

"Ka san na riga na yanke shawarar zan dawo in ce na tuba? Saboda Khairiyya. Da kai ma," ta ƙara a hankali.

"Har da ni?"

"Ka dubi wuyan rigarka mana. Wa zai bar mutum haka?"

Ya yi dariya, dariyar da ta daɗe ba ta ji ba, ita ma ta yi, tana share ido da bayan hannu.

Da azahar tana ba Inna kunu, sai tsohuwar ta ɗaga hannunta mai lafiya ta riƙe mata wuyan hannu. Maganarta tana fita da ƙyar, kalma bayan kalma.

"Sakina."

Rabon da Inna ta kira ta da sunanta har ta manta. "Na'am, Inna."

"Da nike kwance ƙasa, ina jin komi, na kasa motsi. Na ji yarinyar ga tana kuka. Na ce a raina, wa za ta kira? Ni ba ni shiga gidan kowa." Ta numfasa. "Sai na ji tana kiran sunaye. Sai na ji ƙafafu."

"Inna, ki huta, kar ki wahalar da kanki."

"Bari in gama. Na raba ki da ɗiyarki, na raba ki da mijinki. Ga ki kina wanke ni, ko tsaki ban ji kin yi ba. Ki yahe mani."

Sakina ta durƙusa a gefen gadon, ta kifa goshinta a kan hannun Inna tana kuka. "Ba ki yi min komai ba, Inna. Gaskiya kika faɗa, riƙon ɗan wani ba wasa ba ne. Ni ma na yi gaggawa, da na zo na nemi shawararki tun farko."

"To in mun koma, ku dawo da su. Amma ba sashenki ba, ya yi ƙanƙanta, shi ya sa yaro ya ɓace ma ido. Babbar tsakar gida, gaban ɗakina. Tunda ƙafar ga ta ƙi, zama zan yi. Mai zama shi ka ganin komi."

Ranar da aka sallame su, mota ɗaya ta kwaso su har da Malam Dikko, wanda ya ce shi da kansa zai mayar da ɗiyarsa ɗakinta. Khairiyya tana sanye da rigar nan mai ruwan hoda, ta ɗan yi mata yawa, ta ƙi sauka daga cinyar uwarta har suka isa. Da suka shigo unguwa mata sun riga sun share gidan sun ɗora girki. Bubayero yana tsaye daga nesa da ƙwaryar man shanu, ya kasa matsowa, sai da Yaya Shehu ya je da kansa ya kamo hannunsa.

Bayan sati aka sake buɗewa, wannan karon da mata uku a kowace rana. Inna tana zaune a kan kujera a inuwa da carbi a hannu, ba yaron da ke gilmawa ba ta kira sunansa ba. Mazan unguwa kuma, da Musbahu ya tara su a ƙofar mai unguwa, suka yi gayya suka kewaye kududdufin da ƙaya da itace kafin wata damina.

Masu karatu, haka Allah ya saka wa Sakina. Ba ta rama ba lokacin da aka ɓata mata, ba ta zagi surukarta ba, ba ta kuma ce alherin da ta yi sharri ne ba har Allah ya kawo mata mafita. Duk uwa da uban da ke son 'ya'yansu su tashi lafiya, su sani katanga kaɗai ba ta tsare yaro. Mutanen da suka san sunansa, shi ma ya san nasu, su ne za su amsa ranar da iyayensa ba sa kusa. Miji kuma ya bi mahaifiyarsa da ladabi, amma kada ladabin ya hana shi faɗin gaskiya a kan matarsa tun lokacin da faɗin zai yi amfani.

Da la'asar ɗin ranar, bayan iyaye sun kwashe 'ya'yansu, Sakina tana naɗe tabarmi sai ta ji tsayuwar mashin a ƙofar gida. Musbahu ya shigo, Salman ya tafi da gudu ya kama ƙafarsa, Khairiyya ta karɓi hularsa. Ya gaida Inna, ya juyo yana neman matarsa da ido.

"Ka dawo da wuri yau," ta ce.

"Me zan zauna yi a ofis?" ya ce. "Gidana da mutane."